Robar da Ban Yanka Ba

Shekara ashirin da biyu na yi ina faci a bakin titi a Kano kafin in je Dubai. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san ba a yar da roba. Tiyub idan ya gaji da faci, yanka shi ake yi a yi wa wani faci da shi. Idan bai yi wannan ba, ya yi ɗaurin kaya a bayan babur, ko a ɗinka guga da shi. Hannuna ya saba da haka tun ina saurayi, kuma da wannan hannun na sauka a filin jirgi a shekarar 2009, ina da shekara arba'in da huɗu.

Wani ɗan kasuwa na unguwarmu mai sayen kayan gyaran mota ne ya nema mini biza. Na yi wata bakwai ina ɗaure kwalaye a wani ofishin aika kaya a Al Khabaisi, sai aka ce wani kamfanin madara yana neman wanda zai taya masu gyara aiki. Karatun allo na yi ina yaro, na boko kuwa ko harafi ɗaya ban sani ba, don haka ban sa rai ba. Injiniyan da ya gwada ni, wani Ba'indiye mai furfura a gemu, bai tambaye ni takarda ba. Ya zuba robobi biyar a kan tebur, ya ce in ware masu lafiya. Na lanƙwasa kowacce a hasken taga, na bi ta da babban yatsa, na ture biyu gefe. Ya ce in fara ran Lahadi.

Kamfanin yana yin madara da laban, wato nonon nan na kwalba da ake sha da sanyi. Madarar ba ta ganin hannun mutum. Cikin bututun ƙarfe mai sheƙi take tafiya daga tanki zuwa tanki, a kan hanya kuma akwai bawul da yawa da ke buɗe mata ko su tare ta. A cikin kowane bawul akwai faifan roba baƙi, wani kamar bakin kofin shayi, wani kamar tafin hannu. Su dayafuram suke ce masa, ni roba kawai nake cewa. Idan aka danna ta ta zauna a kan ƙarfe, hanya ta rufe. Idan aka ɗaga ta, madara ta wuce. Ita ce kuma katanga tsakanin madara da kan bawul, inda maiƙo da ƙura suke. Kullum ana wanke bututun da ruwan soda mai zafi, a bi da tururi, kuma waɗannan biyun suna cin roba a hankali.

Aikina ba shi da wuya ga mai haƙuri. In kwance noti huɗu, in ɗaga kan bawul, in cire roba, in duba ƙarfen ko ya ƙarzu, in sa sabuwa, in ɗaure noti a gicciye, kaɗan-kaɗan, don kada gefe ɗaya ya fi wani matsuwa. Kowane bawul yana da lamba, kowace lamba tana da kati, a katin ake rubuta ranar da aka taɓa shi da abin da aka yi. Dokar ita ce duk wata shida a canza roba, ko ta lalace ko ba ta lalace ba. Tsohuwar kuma a sa mata wuƙa a raba ta biyu kafin a jefa ta kwandon shara.

Wannan yankan ne ya riƙa damuna. Roba ce lafiyayya, ba tsaga, ba kumburi, idan ka lanƙwasa ta ta dawo daidai, a ce ka raba ta biyu. Na yi wata biyu ina yankawa ina jin kamar ina zubar da abinci. Daga baya sai na fara zura waɗanda suka fi kyau cikin aljihun rigar aiki. Ba sayarwa nake yi ba, ba ni da wanda zan sayar wa. Ina dai wanke su in jera su cikin leda a ƙasan akwatina na ƙarfe a ɗakin canza kaya, manya a ƙasa, ƙanana a sama. 

Mu biyu ne masu jin Hausa a duk kamfanin. Ɗayan Kirista ne daga Kafanchan, na girme shi da kamar shekara biyar, kuma shi ke kula da injin wanki, wato shi ke sakin soda da tururi cikin bututu bayan an gama aiki. Ya yi makaranta, ya taɓa koyarwa a firamare kafin ya fito neman abinci. Ranar da ya fara jin ina ƙunƙuni da Hausa a kan wani noti da ya ƙi kwancuwa, sai ya leƙo ta bayan tanki ya ce, "Kai, wa nake ji yana zagin ƙarfen Larabawa da harshen Kano?"

Shi ne ya riƙa cika mini kati. In gama aiki in kira shi, in faɗa masa, ya rubuta. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Amma wata rana ya ce, "Alhaji," haka yake kirana ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba, "ranar da na yi zazzaɓi fa? Injin zai tsaya jiran in warke?"

Na ce, "Allah ba zai kawo ranar ba, Malam."

Ya ce, "Allah ya riga ya kawo fensir. Ran Juma'a ka zo da shi."

Juma'a ce ranar hutunmu. Shi ya je coci da safe, ni in je masallaci, sai mu haɗu bayan la'asar a bakin ruwa wajen Port Saeed, inda ake loda jiragen katako da firji da tayoyi da buhunan shinkafa. Akwai wani benci da inuwa ke rufewa da yamma. Nan na fara riƙe fensir, ina riƙe shi kamar sifana, yana dariya yana cewa, "Sassauta, Alhaji, ba noti ba ne." Da lambobi muka fara, saboda su nake gani a jikin bawul. Sannan harufa. Ina da jinkirin ɗauka. Abin da ya koya mini wannan Juma'ar sai ya sake koya mini a ta gaba, amma ba ya gajiya, ni ma ba na fushi. Idan 'yan kasuwar Kano suka wuce suka gan ni da littafin yara a cinya, in kife shi da sauri. Shi kuwa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku gaida ɗalibina, shi ne na ɗaya a aji." Su yi dariya su ce, "Su nawa ne a ajin?" Ya ce, "Wannan kuma sirrin makaranta ne."

Shekara biyu muka yi a haka. Na kai ina karanta sunan tasha a jirgin ƙasa, ina rubuta sunana da na 'ya'yana, ina rubuta kwanan wata da 'yan kalmomin Turanci da katin yake bukata. Duk da haka shi ke cika katin, don ina jin kunyar rubutuna, yana hawa yana sauka kamar sawun kaza.

Abin ya faru ana saura kwana kaɗan a fara azumi, a shekarar da azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. A irin wannan lokaci laban ba ya isa, kowa shi yake nema na buɗa-baki, motoci suna layi tun safe. Ranar na ga ɗigo a jikin wani bawul na layi na uku, layin laban. Akwai wani ɗan rami a wuyan kowane bawul da aka yi don haka, idan roba ta fashe ta nan za ka ga alama. Aka tsayar da layin, na kwance, na samu robar ta tsage. Na je sito neman sabuwa. Mai sito ya duba ya ce wannan girman ya ƙare, kayan suna kan ruwa, sai nan da sati biyu ko uku.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In koma wajen injiniya in ce babu, shi ya san yadda zai yi, ko ya aro a wani kamfani ko ya bar layin a tsaye. Na ma kama hanyar ofishinsa. Sai na hango shi da waya a kunne, manajan yana tsaye a kansa, shi injiniyan yana ɗaga mini hannu in yi sauri yana cewa, "Yalla, yalla, minti nawa?" Ni kuwa na san a ƙasan akwatina akwai roba uku masu wannan girman.

Na ɗauko wadda ta fi kyau. Na kai ta taga na lanƙwasa ta gaba da baya, na bi gefenta da yatsa, na shinshina. Da a Kano ne aka kawo mini ita, da na rantse ta fi wata sabuwar. Na wanke ta da ruwan zafi, na sa, na ɗaure noti yadda ya kamata. Aka saki tururi, ba ɗigo. Injiniya ya wuce ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibi," wato masoyina. Na ji daɗi har cikin raina.

Saura kati. Ba zan iya kiran Malam ba, don zai tambaye ni ina na samu roba alhali ya ji mai sito yana cewa babu, ni kuwa ban taɓa yi masa ƙarya ba. Sai na ɗauki biro da kaina. Na rubuta kwanan wata. A gurbin abin da aka yi, na rubuta kalmar Turanci mai harafi uku da ke nufin sabo. Na yi ta a hankali, harshe a waje, ta fito a miƙe. Wannan shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa a wajen aiki da hannuna.

Da Malam ya ga katin washegari, sai ya kira ni da ƙarfi. Na ɗauka ya gano ni. Ashe murna yake yi. Ya ɗaga katin sama ya ce, "Alhaji ya yaye kansa! Dubi wannan rubutu, kamar na akawun kotu." Bai tambayi komai ba. Ya ɗauka an samo robar a wani wuri.

Sati biyu komai lafiya. A rana ta goma ga azumi, matar da ke ɗakin gwaji, wata 'yar Filifin mai tsanani, ta fito da takarda a hannu ta ce akwai ƙwayoyin cuta a laban na layi na uku. Aka tsare duk abin da aka yi a ranar. Na tsaya ina kallo ana juye kwalabe cikin magudana, fari fat, warinsa ya cika wurin, ga mu da ƙishirwar azumi.

Injiniya ya ɗauko katunan layin gaba ɗaya ya zauna yana bi. Duk bawul ɗin da robarsa ta kusa wata shida ya sa na kwance. Da ya zo kan nawa, ya ga kwanan wata, ya ga kalmar da na rubuta, ya ajiye katin gefe ya ce wannan sabuwa ce, ba sai an taɓa ba. Ina tsaye a gabansa da sifana a hannu. Bakina ya bushe, na ce wa kaina azumi ne.

Tun da ba roba ba ce, sai aka ce wanki ne. Aka kira Malam. Aka ce ko ya rage lokacin soda don layi ya tashi da wuri, ko tururin bai kai zafi ba. Ya nuna musu takardunsa, ya ce bai taɓa rage minti ɗaya ba. Suka ce takarda ai mutum ne ke rubuta ta. Aka ba shi takardar gargaɗi.

Da muka fito ya ce mini, "Ka ga mutanen nan? Shekara huɗu ina wanke musu hanji, yau sun ce ban iya wanki ba." Yana faɗa yana dariya. Na ce, "Allah zai bayyana gaskiya." Har yanzu idan na tuna na faɗi wannan kalma da bakina, ina azumi, sai in ji kamar in nutse.

Na gaya wa kaina wataƙila ba robata ba ce. Ai na duba ta. Wataƙila daga tanki ne, ko daga injin cika kwalba. Kwana huɗu bayan haka ƙwayoyin suka sake fitowa. Aka sake zubar da laban. A ranar aka cire Malam daga injin wanki, aka mai da shi wajen loda akwatuna a mota, a waje, cikin rana, aka sa wani ɗan Nepal a gurbinsa. Aka ce ana duba maganarsa a sama.

Kowa a Dubai ya san ma'anar wannan. Bizarka a hannun kamfani take. Idan suka soke ta, kana da kwanaki kaɗan ka samu wani aiki ko ka hau jirgi. Malam yana da mata da 'ya'ya mata uku a Kafanchan, babbar tana shirin shiga makarantar koyon jinya. Ni na san sunayensu, da su ya koya mini wasu harufan.

A wannan ranar kuma, da rana tsaka, kayan sito suka iso.

Na yi tunanin na samu mafita. Washegari da safe layi na uku yana tsaye ana jiran madara. Na karɓi sabuwar roba da sunan wani bawul, na je na kwance nawa ba tare da kowa ya lura ba. Da na ɗaga kan, warin ne ya fara duka na. Fuskar robar tana nan sumul kamar yadda na sa ta. Amma da na matsa tsakiyarta da yatsa, sai wata 'yar tsaga ta buɗe baki, ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. Irin wannan roba hawa biyu ce, da zare a tsakani. Tsagar ta ci hawa na farko kawai, shi ya sa ba ta ɗiga ta waje ba. Laban yana shiga tsakanin hawan biyu ya kwanta, soda ba ta kai masa, tururi ba ya kai masa, ya ruɓe a can, duk sanda bawul ya motsa ya matso kaɗan cikin sabon laban. Na matsa da ƙarfi, wani abu rawaya ya fito ya taɓa farcena.

Na sa sabuwar, na ɗaure, na nannaɗe tsohuwar cikin tsumma na sa a aljihu. Ban taɓa kati ba. A raina na ce shi ke nan, cuta za ta ɗauke, hankalin kowa ya kwanta, a mai da Malam wurinsa.

Cutar ta ɗauke kuwa. Kwana ɗaya, biyu, biyar, gwaji yana fitowa lafiya. Sai na ji injiniya yana gaya wa manaja cewa ga shi nan, tun ranar da aka canza mai wanki matsala ta ƙare. Ina durƙushe a bayan wani famfo ina jin su. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Kafin in taɓa bawul ɗin zargi kawai ake yi masa. Ni na ba su hujja.

Ran Juma'a na so in ce ba ni da lafiya, amma na je. Yana zaune a bencin, fuskarsa ta yi baƙi da rana, leɓensa ya tsage. Ba ya shan ruwa a gabana idan ina azumi, ko na ce ya sha. Ya buɗe littafi ya ce, "Yau karatun wasiƙa za mu yi. Ga ta gaske ma na kawo maka." Ya miƙo mini takardar gargaɗin da aka ba shi. "Karanta mini, in ji ko da bakin Bakano za ta fi daɗi."

Na fara haɗa harufa. Na karanta sunansa. Na karanta layi na uku. Na kasa ci gaba.

Ya ce, "Wannan kalmar doguwa ce, raba ta biyu."

Na ce, "Idona ne, Malam. Azumi."

Ya karɓi takardar ya ninke. Ya ce, "Abin da ya fi ci mini rai, Alhaji, na fara zargin kaina. Ina kwance ina ta lissafi, ko akwai ranar da na danna abu ban sani ba. Ko tsufa ne ya fara kama ni."

Robar tana cikin aljihun rigata a lokacin, a nannaɗe. Tun ranar da na cire ta nake yawo da ita, na kasa yarwa, na kasa ajiyewa. Hannuna yana kanta. Aka kira magariba daga masallacin da ke ƙetaren titi, ya miƙo mini dabino uku da ya sayo mini, na karɓa na ci.

Kwana goma sha uku na yi daga ranar da na ga tsagar zuwa ranar da na buɗe baki. Ba zan ce ina tunani ba ne, don babu abin tunani. Tsoro ne. Ina da 'ya'ya shida. Ina tuna rumfar facin da na bari, wani ya riga ya zauna a wurin. Ina kuma jin kunyar a ce dattijo mai furfura yana tara shara a akwati kamar ɓera. Kowace safiya in ce yau, in ga ƙofar ofis a rufe in ce gobe.

Ana saura kwana biyu salla na shiga ofishin injiniya. Na ajiye robar a kan tebur, na buɗe tsumman, na matsa tsakiyarta. Na faɗa masa komai da guntun Turancina da guntun Larabci da hannu. Na kai shi ɗakin canza kaya na buɗe akwatin. Ya tsaya yana kallon robobin a jere, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ya ƙirga da yatsa ya kai talatin da wani abu ya daina. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Me ya sa?" Na ce suna da kyau. Ya dafe kansa.

Na ce a mai da Malam wurinsa, ni a kore ni. Ya ce, "Khalas," wato aikin gama ya gama. Ya ce an soke bizar Malam tun ranar Lahadi, takardu sun fita daga hannunsa, an riga an rubuta wa na sama cewa an gano matsala an magance ta. Idan ya ce a buɗe maganar, sai an tambaye shi yadda aka yi bai kwance bawul ɗin ba, da yadda aka yi mai gyara yake tara tsofaffin robobi shekara biyu bai sani ba. Ya ce zai gwada. Ban san ko ya gwada ba. Abin da na sani, ya rubuta wa Malam takardar shaida mai kyau, cewa ma'aikaci ne mai amana kuma ba shi da laifi a abin da ya faru. Ni kuma ya ba ni wuƙa ya tsaya a kaina har na yanke robobin nan duka. Aka ba ni takardar gargaɗi da ba a faɗi dalili sosai a ciki ba, aka bar ni a aikina, saboda babu wanda ya kai ni gane roba.

Malam na same shi a wajen loda kaya yana ƙarasa kwanakin aikinsa, a bayan wata mota, yana ɗaure tawul a wuya. Na ce ina da magana. Na faɗa masa a tsaye, ban tsallake komai ba. Yana saurare yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Katin nan da na ɗaga ina yi maka kirari?"

Na ce, "Shi ne."

"Ranar da na ba ka takarda ka karanta, ka sani?"

"Na sani. Tana aljihuna."

Ya ɗauki akwati ɗaya ya ɗora a mota, ya dawo ya ɗauki wani. Na ɗauka ya gama magana da ni. Sai ya ce, "To, aƙalla ba haukacewa nake yi ba. Na gode da wannan." Ya ɗora na uku. "Da ka faɗa mini ranar farko, da mu biyu mun san ƙaryar da za mu yi musu. Ni ma ai ba waliyyi ba ne." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ka bari tukuna. Ina cikin rana. Ba a tambayar mutum wannan yana cikin rana."

Ya yi kwanakin da suka rage masa yana yawo da takardar shaidar, kamfani zuwa kamfani. An shiga hutun salla, ofisoshi a rufe, da aka buɗe kuma kowa ya ce a dawo wata mai zuwa. Na kai shi wajen ɗan kasuwar da ya kawo ni, ya ce kasuwa ba ta ɗaukar sabon mutum a bana. Lokaci ya cika.

Ni na ɗauki jakarsa babba zuwa ofishin aika kaya a Al Khabaisi, inda na fara aiki. Na ɗaure ta da kaina da igiya da leda. Yana tsaye yana kallo, ya ce, "Wannan dai ka iya." Ya karɓi biro ya rubuta adireshi a jikinta. Na ce zan raka shi filin jirgi washegari, ya ce mutanen cocinsu za su kai shi, mota ta cika. Muka yi musabaha a bakin ƙofa. Ya ce in nemi aji na gaske, akwai wanda ake yi wa manya a Deira ran Juma'a, kada in zauna haka. Na ce to.

Na ci gaba da aiki a kamfanin har shekarar 2015, sannan na dawo gida. Na shiga ajin da ya ce, na kuma ci gaba a Kano, a ajin yamma na manya. Labarinsa ina samu jefi-jefi. Ya yi shekara guda ba aiki, babbar 'yarsa ba ta shiga makarantar jinya a shekarar ba, ban san ko ta shiga daga baya ba, don ban iya tambaya ba. Yanzu yana kula da injin wani kamfanin ruwan leda a garinsu. Ina kiransa lokacin Kirsimeti. Yana ɗauka, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi nasa, ya ce ana kiransa a waje. Sau biyu na ce zan zo Kafanchan in gaishe shi. Na farko ya ce hanya ba kyau. Na biyu ya ce, "Ka zo mana," amma bai faɗi rana ba, ni ma ban tambaya ba.